Sanda Biyu, Babu Tuta

Duk wanda ya san Wilf Heslop ya san kafaɗarsa ta dama ta fi ta hagu yin ƙasa. Shi ya ce ɗaukar tuta ne ya karkatar da shi. Matarsa Doreen ta ce ƙarya yake yi, jingina da kantar mashaya ne. Sun haura shekara hamsin suna wannan gardama, ba wanda ya sakar wa wani.

A Wenlaw aka haife shi, a arewacin Ingila, cikin layin gidajen da kamfanin kwal ya gina wa ma'aikatansa, gida manne da gida, ban-ɗaki a waje. Yana ɗan ƙarami gwamnati ta karɓe ramukan kwal daga hannun masu su, aka kafa allo a bakin rami cewa daga yau wurin nan na jama'a ne. Babansa ya ɗora shi a wuya ya kai shi ya ga allon. Tsohon ya je yaƙi ya dawo da kunne ɗaya a toshe, don haka ya ɗauka allon nan shi ne ladan da Ingila ta ba su. Har ya mutu bai daina yarda da haka ba. Ƙurar rami ce ta kashe shi, yana zaune a kujera bakin taga, yana neman numfashi.

Wilf ya bar makaranta ranar Juma'a, ranar Litinin ya shiga kejin ƙarfe aka zura shi ƙasa. Bai taɓa cewa yana son aikin ba. Duk wanda ya ce maka yana son kwanciya a kan haƙarƙari cikin ruwa yana saran dutse a duhu, ƙarya yake yi maka. Amma aiki ne, kuma yana yin sa yadda ya kamata. Ba mai yawan magana ba ne. Idan ƙungiyar ƙwadago za ta yi taro a zauren ma'aikata, shi ke jera kujeru, shi ke kwashe su, a tsakani kuwa yana can baya ya naɗe hannu. Mai maganar shi ne Ronnie Pallister, abokin aikinsa a rami, wanda suke sara kafaɗa da kafaɗa, suna shan shayi daga gora ɗaya. Ronnie Allah ya ba shi baki. In ya hau tebur, har wanda ya zo da niyyar yi masa ihu sai ya tsinci kansa yana tafi.

Abin da Wilf ya ɗauka da daraja a duniya, bayan iyalinsa, shi ne tutar reshen ƙungiya. Jan siliki ce, faɗinta ya kai bangon ɗaki. A fuska ɗaya an zana bakin ramin Wenlaw, a ɗaya fuskar mace da 'ya'yanta a bakin kabari. Mutum ɗaya ba ya ɗaukar ta. Sanduna biyu ne dogaye, da wata a gicciye a sama wadda tutar ke rataye a jiki. Kowane mai ɗauka yakan rataya maɗaurin fata a kafaɗa, ya zura gindin sandarsa a ƙoƙon tagulla da ke daidai cibiyarsa. In iska ta taso ta cika silikin, ku kuwa ba ku san tafiyar juna ba, sai ta kwashe ku ta zubar. Baban Wilf ne ke riƙe sandar dama. Da numfashinsa ya fara gazawa, Wilf ya gaje shi. Ta hagu kuwa ƙanensa Dennis aka ba.

Sau ɗaya a shekara, cikin watan Yuli, ake fita da ita zuwa gangamin mahaƙa a Durham, 'yan badujala suna busa, gari duk ya bi. Ban da wannan ba ta fita sai an yi mutuwa. In ɗan reshe ya rasu, a ɗaura baƙin ƙyalle a kan sandar gicciye, tuta ta shige gaban akwatin gawa tun daga ƙofar gidansa har ƙofar maƙabarta. Ba wata doka da ta ce a yi haka. Tarar da shi aka yi. Mutum zai iya mutuwa babu kujerar kirki a gidansa, amma ya san tuta za ta raka shi, motoci su tsaya, maza su cire hula.

Sai shekarar dogon yajin aiki ta zo, 1984. Gwamnati ta ce za ta rufe ramuka, allon nan kuwa yana nan a kafe, fentinsa ya koɗe. Aka kwaso 'yan sanda daga kudu, masu magana irin ta talabijin, da dawakai da kulake. Suka tsaya a bakin layin da aka haifi Wilf suna tambayar sa ina za shi. A labarai aka riƙa kiran mahaƙa maƙiyan ƙasa. Wata rana Wilf ya kalli hoton babansa da kakin soja a bango, ya tashi ya kashe talabijin, bai sake kunna ta ba sai da aka koma aiki.

Shekara guda cur babu albashi. Ba jawabin Ronnie ne ya riƙe Wenlaw ba, tukwanen mata ne. Doreen da sauran matan mahaƙa suka mamaye kicin ɗin zaure, tun safe suna fere dankali, suna dafa miyar wake da ƙashi, suna yanka burodin jiya da mai gidan burodi ke miƙo musu ta ƙofar baya. Doreen ce ke rabo, kuma tana da ido. Ta san wanda ke cewa ya ƙoshi don ya bar wa yaransa. Sai ta ƙara masa cokali biyu ta ce, "Ci, ko in ɗura maka."

Da hunturu ya yi tsanani, gidajen masu haƙar kwal suka wayi gari babu kwal. Jaririyar Dennis ta kamu da ciwon ƙirji, likita ya ce sanyin gidan ya yi yawa. Dennis ya ƙone katangar katako ta bayan gidansa, ya ƙone ƙofar ban-ɗaki, ya ƙone ɗakin tattabarunsa. Saura 'yan makonni yajin ya ƙare, wata safiya aka gan shi cikin motar nan mai ragar ƙarfe a tagogi, wadda ke shigar da masu komawa aiki. Ya rufe fuska da hula, amma Wilf ya san ƙeyar ƙanensa.

A ranar Ronnie ya hau tebur.

"Wanda ya shiga motar nan ya mutu a wurinmu," in ji shi. "Ba gaisuwa, ba zama tebur ɗaya. Wanda ya shiga ƙofar kamfani muna waje, hannunsa ba ya sake taɓa tutar nan. Ko da uwarku ɗaya."

Da Ronnie ya faɗi na ƙarshen nan, idonsa a kan Wilf yake. Wilf ya tashi. Ya je ya sauko da maɗaurin Dennis daga ƙusa ya miƙa wa wani. A Wenlaw, wanda ya karya yaji ɓawon gyambo ake ce masa, kuma sunan ba ya gogewa, har 'ya'yansa sukan gaje shi a makaranta. Daga ranar Wilf bai sake yi wa Dennis magana ba, alhali layi biyu ne tsakanin gidajensu. Ko ranar da aka binne uwarsu, kowa gefensa na kabari ya tsaya.

Doreen ba ta bi ba. "Ni ba 'yar reshenku ba ce," ta ce. "Ba ku taɓa ba ni kujera ba, kar ku ba ni doka." Duk Kirsimeti sai ta naɗe kek a tsumma ta fita, ba ta faɗin inda za ta, shi kuma ba ya tambaya.

An ci su a yajin. Ranar komawa aiki suka jeru a bayan tuta hannu rabbana, mata a bakin titi suna tafi suna kuka. Kafin a tashi, Ronnie ya tsaya a matakalar zaure, ya sa aka kira matan kicin, suka fito da ƙyallen girki a ɗaure.

"Ku dube su da kyau," ya ce. "Waɗannan sun fi mu zama 'yan reshe. Na rantse a gaban tutar nan, duk ranar da ɗaya daga cikinsu ta rasu, tuta za ta raka ta kamar kowane mahaƙi."

Doreen ta karkata ga ta kusa da ita ta ce, "Da ya zo ya taya mu wanke tukunya ko sau ɗaya, da ya fi." Amma Wilf ya ga ta goge ido da bayan hannu, ya kuma ajiye maganar a ransa.

Ba a yi shekara goma ba aka rufe ramin. Aka toshe shi da kankare, aka baje tulin ƙasar da ke gefensa, aka shuka ciyawa. Allon nan ba wanda ya san inda ya tafi. Wilf ya yi gadi, ya yi tuƙin motar burodi, ya yi sharar makaranta, har shekarun fansho suka cim masa. Ronnie ya zama kansila, daga nan shugaban kansiloli, har aka kira shi London aka maƙala masa lambar yabo. Duk zaɓe Wilf ne ke bi masa gida-gida neman ƙuri'a cikin ruwa da iska. A tsakanin nan matan kicin suka riƙa tafiya ɗaya bayan ɗaya, kowacce kuwa tuta ta raka ta, Wilf a dama.

Sai rufin zaure ya fara yoyo, aka sayar da ginin ya zama shagon kafet. Ronnie ya kafa kwamiti, aka buɗe ɗan gidan tarihi a tsohon ɗakin fitilun rami, aka sa tuta a akwatin gilashi mai nasa sanyin da nasa hasken. Yaran makaranta sukan zo a sa musu hular kwano, a shafa musu baƙi a kumatu, a ɗauke su hoto. Akwatin ba ya cin sanduna. Wilf ya tarar da su a jingine bayan ginin, kusa da bola. Ya kinkime su zuwa lambunsa, ya saƙale su a rufin ɗakin tattabarunsa tare da maɗauran. Duk bazara yakan sauko da su ya shafa musu mai.

A filin da rami yake a da, wani kamfanin aika kaya ya gina sito, tsawonsa ya fi layinsu Wilf, babu taga ko ɗaya. Can 'yarsa Janice ke aiki, mace ta kusa hamsin, tana yini tana yawo tsakanin kantoci da na'ura a hannu mai gaya mata ta yi sauri. Da safe ake sanar da ita ta waya ko akwai aiki yau ko babu. Ƙungiyar ƙwadago kuwa ba a barin ta ta wuce ƙofa.

Doreen ta rasu cikin watan Maris, bayan ta yi jinya tun kaka. Ba ta bar doguwar wasiyya ba. Ta ce kar a saya mata akwati mai tsada, kar a bar ƙanwarta ta yi waƙa a coci. Sannan ta ce, "Ni ce ta ƙarshe a matan kicin. Ina so in ga ko Ronnie yana tuna abin da bakinsa ya faɗa."

"Ai ba za ki gani ba," in ji Wilf.

"Kai za ka gani."

Washegarin rasuwar ya sa kwat ɗinsa ta zuwa coci ya tafi gidan tarihi. Ronnie ya taso ya rungume shi, ya sa aka kawo shayi.

"Wilf, mutumina. Doreen uwa ce ga garin nan. Da na ji, jikina duk ya mutu."

"Jana'izar ranar Juma'a ce, da hantsi," in ji Wilf. "Zan zo in ɗauki tutar da safe, in dawo da ita kafin ku rufe."

Ronnie ya daɗe yana juya cokali a kofi.

"Ka san yanzu ba kamar da ba ne. Silikin nan ya girme ni ya girme ka. Matar da ta zo daga birni ta gyara shi ta ce ko hasken rana kar ya gani. Iska ɗaya, ya rabe gida biyu. Ga kuma 'yan inshora."

"'Yan inshora ne suka yi rantsuwa a matakala, ko kai?"

"Haba Wilf. Yanzu ba tawa ba ce, ba taka ba ce. Ta ƙasa ce. Gadon Ingila ne, na jikokinmu."

"Wace Ingilar? Wadda ta aiko mana da dawakai?"

Ronnie ya yi dariya ya dafa masa gwiwa. "Kai dai tsufa bai rage ka da komai ba. Ji nan, muna da ƙarama ta leda, irin wadda yara ke ɗauka. Ko kuma in aiko da furanni da sunan kwamiti, manya, waɗanda za a gani daga nesa."

"Riƙe ledarka, Kansila."

Abin da zai ba ka haushi shi ne, Wilf ya yarda. Kafin ya fita ya tsaya a gaban gilashin, ya ga inda silikin ya yi shara-shara a kusurwa, ya ce a ransa wataƙila gaskiya ne. Tsohon abu yana gajiya, shi ma shaida ne. Ya koma gida bai riƙe kowa a zuci ba sai shekaru.

Ranar Alhamis, ana gobe jana'iza, Janice ta shigo da hantsi da rigar aikinta mai ruwan ɗorawa.

"Baba, sa takalminka."

"Ina za mu?"

"Kai dai sa. In na faɗa maka da baki, cewa za ka yi sharri nake yi wa abokinka."

Ta ɗauke shi a mota zuwa sito. Buɗe sabon ɓangare ake yi. An kafa rumfa, an jera ƙananan tutocin Ingila masu fari da jan gicciye a igiya, an ɗauko 'yan badujala daga wani gari. Ana yayyafi, iska tana busowa daga teku. A bayan dandamali, ɗaure a jikin wasu ƙarafa da igiyoyin roba, ga tutar Wenlaw. Iska ta cika ta tana jijjiga ƙarafan. Fuskar mace da 'ya'yanta a bakin kabari an juya ta ga bango. Bakin rami ne ke kallon masu ɗaukar hoto.

Ronnie yana tsaye da sarƙar muƙami a wuya, yana jawabi. Ya ce aiki a jinin mutanen garin nan yake. Ya ce abin da kakanni suka yi a ƙarƙashin ƙasa, shi jikoki ke yi a samanta, kuma wannan ita ce Ingila ta gaskiya. Manajan sito ya yi tafi, ma'aikatan da aka fito da su aka jera suka yi tafi. Har yanzu bakin nan yana nan yadda yake. Aka miƙa masa almakashi ya yanke ƙyalle.

Wilf bai yi hayaniya ba. Ya je ya tsaya kusa da teburin shayi, hula a hannu, ruwa yana sauka a kansa, har Ronnie ya sauko.

"Ashe rana ce kawai ba ta so," in ji Wilf. "Ruwa ba ya yi mata komai."

Fuskar Ronnie ta canza. "Wilf, ba a nan ba."

"A ina? A ofis, in sake shan shayi?"

Ronnie ya ja shi gefe ya rage murya. "Su suka ɗauki nauyin inshorar yau, su kuma za su gyara mana rufin gidan tarihi. Ɗan lokaci ne kawai. Ka san gidaje nawa za su ci abinci daga wurin nan? Kai tattabaru gare ka, ni gari ne a wuyana."

"To na ji. Gobe fa?"

Ronnie ya waiwaya ya kalli manajan, ya dawo da idonsa ƙasa. "Yau za a mayar da ita gilashi. Kwamiti ya riga ya zauna. In na ba ka, kowa sai ya zo ya ce a ba shi."

"Wane kowa? Ita ce ta ƙarshe."

Ronnie ya gyara zaman sarƙar da ke wuyansa.

"Saboda maganarka na yi shekara talatin ban gaida ɗan uwata ba," in ji Wilf, muryarsa ba ta tashi ba. "Ka ce wanda ya shiga ƙofar kamfani ba ya sake taɓa tutar nan. Yau kai ka kawo musu ita har ƙofa."

"Zamani ne, Wilf."

"Dennis jaririya gare shi ba lafiya. Kai me gare ka?"

Bai jira amsa ba. Ya sa hularsa ya ce wa Janice ta sauke shi a lambu.

Da yamma ya sauko da sandunan uku da maɗauran biyu, ya goge su. Wanda ya gaji Dennis a sandar hagu ya daɗe da rasuwa. Wilf ya buga ƙofofin tsofaffin abokan aiki. Wani ya fito yana jan tukunyar iskar numfashi a bayansa, ba sai an tambaye shi ba. Wani ɗan kwamiti ne, ya ce gwiwarsa ta tashi. Janice ta ce ita za ta ɗauka.

"Ke bayan uwarki za ki bi."

"To da wa za ka ɗauka, Baba? Me ma za ka rataya a jiki?"

"Ba komai."

Ranar Juma'a da hantsi ya shimfiɗa sandunan a kan titi a ƙofar gidansa, ya haɗa su, ya ɗaura baƙin ƙyalle a kan ta gicciye. Ya rataya maɗaurinsa. Ɗayan ya bar shi a kan katanga. Motar gawa ta iso, jama'a sun cika layi, kowa ya rasa inda zai sa idonsa. Mutum ɗaya ba ya ɗaga sanda biyu. Kowa ya sani, shi ma ya sani. Ya dai tsaya. Mai motar gawa ya duba agogo, ya yi gyaran murya.

Daga ƙarshen layi wani tsoho ya taho, baƙar kwat ta yi masa yawa. Dennis ne. Rabonsa da taka layin nan tun shekarar yaji. Ko Janice ce ta je ta gaya masa, ko labari ne ya kai shi, ba wanda ya sani. Mutane suka dare. Wani daga baya ya yi tsaki, ya faɗi sunan nan na ɓawon gyambo ƙasa-ƙasa. Dennis bai waiwaya ba, bai kuma kalli yayansa ba. Ya ɗauki maɗaurin daga katanga, ya nemi hudar da yake sa ƙarfe a da, ya ga ta yi masa yawa, ya matsa zuwa ta gaba, ya rataya.

Ronnie yana wurin, da furanni kamar tayar mota a hannu. Ya matso kusa da Wilf.

"Ka dai san wanda zai riƙe sandar nan. Mutane suna kallo."

"Na san shi. Shi ya zo."

"Ai ni ma na zo."

"Dokarka ta tuta ce, Kansila, tutar kuma tana hannunka. Wannan itace ne. Matsa, kana gaban gawa."

Suka sunkuya tare, suka ɗaga tare, gindin kowace sanda ya faɗa ƙoƙonsa. Babu abin da iska za ta cika, sai baƙin ƙyallen da ke kaɗawa a sama, amma suka yi tafiyar tuta, gajeren taku, ƙafa ɗaya. Babu badujala. A mararraba wata motar sito ta danna hon. Direban ba ɗan gari ba ne, bai san me yake gani ba, tsofaffi biyu ɗauke da wani abu kamar ƙofar da ba ta da gida. Amma sauran motocin sun tsaya. A gaban shagon kafet wasu tsofaffi suka cire hula. Ta cikin tsakanin sandunan, inda hoton rami ya kamata ya kasance, ana hango bangon sito.

Hanyar maƙabarta hawa ce. A tsakiyar hawan numfashin Wilf ya fara ƙara irin ta babansa, gumi yana bin bayan kunnensa. Bai juya kai ba ya ce, "Gefenka ya yi sama."

"Naka ne ya yi ƙasa, Yaya. Tun da can a karkace kake."

"Tuta ce."

"Doreen ta ce kantar mashaya ce."

Wilf bai yi dariya ba. Ya gyara maɗauri a kafaɗa, suka ci gaba da hawa.

A ƙofar maƙabarta suka tsaya, ɗaya a kowane gefe, akwatin ya wuce ta ƙarƙashin baƙin ƙyalle, kamar yadda aka yi wa kowane mahaƙi. Sannan suka sauke. Dennis ya tsaya can baya har aka gama binnewa. Bai bi jama'a shan shayi ba. Ya kwance sandar hagu, ya saɓa ta a kafaɗa da maɗaurinta, ya nufi gidansa. Ba wanda ya ce ya tafi da ita, ba wanda ya ce ya ajiye.

Tutar tana nan a gilashi. Kusurwarta ta ɗan yage ranar buɗe sito, an sake kiran matar birni ta ɗinke. Mai yi wa baƙi bayani yakan gaya musu cewa a da can, tuta takan raka mamaci har maƙabarta, su kuma su ce kai, al'ada mai kyau. Wilf bai sake shiga wurin ba. Zaɓen da ya biyo baya bai bi wa kowa gida-gida ba, bai ma je rumfar zaɓe ba. In watan Yuli ya zo motar gangami ta tashi zuwa Durham, yana lambu yana ba albasarsa ruwa. In sun haɗu da Ronnie a titi, Ronnie yakan ɗaga hannu, Wilf ya wuce. Ya iya wannan, an koya masa.

Shi da Dennis ba su koma yadda suke ba. Shekara talatin ba ta dawowa don an hau tudu ɗaya tare. Ba sa zuwa gidan juna. Amma in bazara ta yi, Wilf yakan shafa wa sandarsa mai, ya bi ta lungu ya ajiye gwangwanin da tsumman a kan katangar bayan gidan Dennis. Washegari ya tarar da su a kan tasa katangar.

Kwanan baya Janice ta same shi a ɗakin tattabaru yana goge ƙoƙon tagulla.

"Baba, ranar da ta zo kanka, wa zai ɗauki ta dama?"

Ya hura ƙoƙon, ya goge da hannun riga, ya miƙa mata maɗaurin.

"Gwada mu gani. Sai an ƙara huda. Kuma kar ki je wurin kwamiti."